Wa Bai Zo Ba?

Talata, 6 ga Fabrairu

Gwaggo Malama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Ya ƙafar? Baba ya ce gwiwar ta matsa miki har kin daina hawa bene. Allah Ya ƙara sauƙi. Na san ba kya son waya, kin ce maganar arziki ba a yin ta da abin da caji ke ƙare masa, shi ya sa na ɗauko biro.

Ni ce dai Uwar Tambaya, jikar ƙanen babanki, wadda kika taɓa kora daga ɗakinki saboda surutu. To surutun ya zama sana'a. Shekara uku ke nan ina koyarwa a kwalejin horar da malamai. Bana ɗalibai ɗari biyu da talatin gare ni, an rarraba su makarantun firamare na cikin gari suna gwajin koyarwa. Darasina shi ne yi wa yara adalci a aji. Kowane ɗalibi yana da littafin waiwaye, inda yake rubuta abin da ya yi a aji kullum, da abin da ya dame shi, ya kawo mini ranar Juma'a.

Idan na je duba ɗalibi, can baya nake zama in zana taswirar ajin, benci bayan benci. Duk yaron da malami ya kira ko ya kalla, in ɗiga masa ɗigo. Gwaggo, ki ga takardar bayan minti arba'in! Gaba baƙi ƙirin da ɗigo, baya fari fat kamar babu kowa. Jiya wani ɗalibi ya rantse mini ya tambayi kowa, na miƙa masa takardar, ya tsaya yana kallonta kamar an ba shi sakamakon asibiti.

Ga roƙona. Kin yi shekara talatin da biyar da alli a hannu, kowa ya san ke ba kya yar da takarda. Ki ara mini tsofaffin littattafan darasinki da rajistocinki in nuna wa ɗalibaina kafin su gama a watan Mayu, su ga yadda aka yi a da, su kuma gane inda aka bar wasu yaran a baya.

Taki,
Uwar Tambaya

Litinin, 19 ga Fabrairu

Uwar Tambaya,

Na ga wasiƙarki. Lafiya lau muke, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Ki gaishe da babanki, ki ce masa ya rage yaɗa ciwon mutane.

Na karanta layinki na ƙarshe sau huɗu. "Inda aka bar wasu yaran a baya." Wa ya faɗa miki? Ina tambayarki tsakani da Allah, wa ya ba ki wani labari a kaina? In baje ni za ki yi gaban yara ɗari biyu a ce ga yadda ba a yi, to ki fito fili ki faɗa, ba sai kin shafa mini mai a baki ba.

Ke da kike zana taswira, kin taɓa tsayawa gaban yara casa'in da huɗu a ɗakin da aka gina don arba'in? Biyar a benci, sauran a ƙasa, taga tana kallon tashar mota, in direbobi suka fara rigima sai in koma koyarwa da hannu. Allon ya koɗe, sai na jiƙa alli yake kamawa. Da mai taswira ya shigo mini lokacin, da tsintsiya zan ba shi ya yi abin amfani.

Littattafan darasi zan aiko miki, guda shida, ki ga rubutun mutanen da aka koya wa riƙe biro. Rajista kuwa ta makaranta ce, ba a tafiya da ita gida. Guda ɗaya ce a wurina, ta aji huɗu, ita kuma ba ta fita daga akwatina. Kada ki tambaye ni dalili, duk da na san hana ki tambaya kamar hana kaza tono ne.

Ni ma ga tawa tambayar. Littafi ɗari biyu da talatin duk Juma'a. Yaushe kike karanta su?

Gwaggonki

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Gwaggo Malama,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Wallahi babu wanda ya faɗa mini komai, ban ma san akwai abin faɗa ba. Ke ce fa aka ba takardar yabo ta gwarzuwar malama, tana rataye a falonki, tun ina yarinya nake kallonta. Ni tsarin nake nufi, ba ke ba. Ki yafe wa bakina.

Littattafan sun iso. Na zauna da su a ofis har mai shara ta zo ta tashe ni. A gefen wani darasin lissafi kin rubuta, "Ban yi bayanin ragowa da kyau ba, gobe in sake." Ashe kun yi waiwayen tun kafin a raɗa masa suna! Amma na lura a littafi na huɗu rubutun gefen ya tsaya cak a zango na biyu, bai sake dawowa ba har na shida. Ban tambaya ba, lura kawai na yi.

Maganar littattafan ɗalibaina, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gaskiya ba duka nake karantawa ba. Ina buɗewa in ga an cika shafukan satin, in rubuta "Madalla" da jan biro, in sa hannu. In na ce zan karanta kowanne, sai dai in bar barci da cin abinci. Waɗanda suke zuwa ofis da bakinsu, su na sani, su nake bi. Sauran ai manya ne, ba yara ba, mai matsala zai yi magana.

Taki,
Uwar Tambaya

Asabar, 30 ga Maris

Gwaggo Malama,

Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Wata guda cur ban ji daga gare ki ba. Na kira 'yarki, ta ce ƙafar da sauƙi, amma kin rage magana, kina yawan zama gaban akwati a buɗe. Ta ce in ta shigo sai ki rufe.

Na san ni ce. Ba ni da hurumin leƙa gefen littafinki in kawo miki rahoto kamar wata sufeto. In kin ce in dawo da su, gobe zan ba direba. In kuma fushi ne, ki zage ni a takarda, na fi son zagin da wannan shirun. Duk sanda masinjan ofis ya shigo da wasiƙu sai in tashi in duba ko akwai taki.

Taki,
Uwar Tambaya

Laraba, 10 ga Afrilu

Uwar Tambaya,

Lafiya muke. Ba fushi nake da ke ba, ki kwantar da hankalinki. Rasuwa aka yi. Wata mata ce mai ɗinki a bakin titin tsohuwar makarantarmu, ba ki san ta ba. Ranar da wasiƙarki ta biyu ta iso, ranar wata 'yar tata ta kawo mini wani abu a cikin leda, ta ce uwar ta bar wasiyya a ba Malama. Na sa miki shi a cikin ambulan ɗin nan. Kada ki buɗe sai kin gama karatu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Aji huɗu, yara casa'in da huɗu. Kiran suna ɗaya bayan ɗaya yana cin kusan rabin darasin farko, ni kuma ina da ɗokin koyarwa. Sai na ɗauki dabarar da duk tsofaffin malamai ke yi. In shigo, in buɗe rajista, in ce, "Wa bai zo ba?" Yara su yi ta ihu, wane bai zo ba, wance ba ta da lafiya. In sa wa waɗannan sifili, sauran in bi su da alamar zuwa tun daga sama har ƙasa. Minti biyu an gama. Har alfahari nake da dabarar, na koya wa sababbin malamai da dama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, yaro abokinsa yake faɗa. Wanda ba shi da aboki, babu mai cewa bai zo ba.

Akwai ginshiƙi a tsakiyar ajin, daga baya kaɗan, wanda ya tare benci guda daga inda nake tsayawa. Wata yarinya ta shigo mana a tsakiyar shekara, iyayenta baƙi ne a garin. Na rubuta ta a ƙasan rajista, lamba casa'in da huɗu, na ce ta nemi wuri. Wurin da ya rage shi ne bayan ginshiƙin.

Da aka yi jarrabawa ban ga takardunta ba. Ban damu ba, takarda ɗaya cikin casa'in da huɗu ai tana ɓata. Na ce kada in cuci yarinya, na ba ta matsakaicin maki a kowane darasi. Wai ni mai adalci! Da na zo gurbin ra'ayin malami a katin sakamako, na yi ta lalube a kaina ban tuna ta taɓa yin laifi ba. Sai na rubuta, "Yarinya mai natsuwa. Ta ci gaba da haka."

Ranar ba da sakamako iyaye suka cika baranda. Wata mata ta tsaya a ƙarshen layi har kowa ya watse, ta matso ta faɗi sunan 'yarta. Na zaro katin na miƙa mata ina murmushi. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, in karanta mata. Na karanta. Sai ta ce, "Malama, dama zuwa na yi in gaya miki. Yau sati bakwai da rasuwarta. Zazzaɓi ne, kwana uku. Na kasa biyo hanyar nan ne sai yau."

Ni ban san abin da fuskata ta yi ba. Jira nake ta kama wuyana, ko ta tara mini jama'a. Sai ta rungume katin a ƙirjinta ta ce, "Ashe kin san ta. Wallahi haka take, ba ta da hayaniya. Kullum ina tsoron a cikin yaran nan masu yawa babu wanda zai lura da ita. Allah Ya saka miki da alheri."

Uwar Tambaya, na ce amin. Abin da na ce ke nan.

Ta ɗauka tun kafin rasuwar na rubuta. Ban gyara mata ba. Na koma aji na buɗe rajista na ƙirga. Sau talatin da biyar na sa wa yarinyar alamar zuwa tana cikin ƙasa. Ƙarshen shekara na ce wa hedimasta ruwa ya lalata rajistar, na kawo ta gida. Daga ranar na koma kiran suna, amma rubutun gefen littafi na bar shi, don na san abin da ya kamata in rubuta, kuma na kasa. Kin gani da idonki. Bayan shekara biyu aka ba ni takardar yabon da kike kallo.

Matar nan shagonta yana kan hanyata. Kullum sai ta taso daga kan keken ɗinki ta gaishe ni, ta ce wa masu jiran kaya, "Ga malamar 'yata, ita ce ta san ta." Na canza hanya, ta aiko a tambayi ko lafiya. Na dawo hanyar. Sau nawa na shirya faɗa mata gaskiya, in na ga fuskarta sai in ga katin nan shi kaɗai ne abin da makaranta ta taɓa ba ta. Ban sani ba ko tausayinta ne ya hana ni ko tsoron kaina. Yanzu babu wanda zan tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai, ban san fuskar yarinyar ba. Na san ginshiƙin, na san inda fentinsa ya ɓare. Har yau in na rufe ido ina ganin gefen bencin ya leƙo, da alamar mutum a zaune, in matsa in leƙa, sai in ga ba kowa. Iyayenta ba su da hotonta, na tambaya da dabara.

Kin rubuta mini cewa mai matsala zai yi magana. Da na karanta wannan layin sai na ji muryata ce. Ba zan ce miki komai ba, ke ce mai digiri.

Gwaggonki

Lahadi, 28 ga Afrilu

Gwaggo Malama,

Ina gaisuwa. Allah Ya jiƙan mai ɗinki, Ya jiƙan 'yarta. Katin yana gabana. Ya yi laushi kamar tsumma, an liƙe tsakiyarsa da salatif, amma jan bironki bai dushe ba.

Na yi kuka, sannan na ji haushinki, sannan na tuna laifi tudu ne. Ranar Juma'a na kwashe littattafan duka na kai gida a buhu biyu. Kwana tara ina karantawa daga shafin farko. Yawancinsu babu komai sai "darasi ya tafi daidai." A na ɗari da sittin da wani abu, mai koren bango, na ci karo da kaina.

Wata ɗaliba ce, ba zan iya gane fuskarta a cikin taro ba a lokacin. Sati na biyu ta rubuta cewa akwai yarinya a ajinta da ke zama bakin ƙofa, bayan inda ƙyauren ke buɗewa, ba ta amsawa in an kira ta, malamar ajin ta ce daƙiƙiya ce a ƙyale ta. Ta tambaye ni me za ta yi. A ƙasa na rubuta, "Madalla." Sati na uku ta sake tambaya. "Madalla." Sati na huɗu layi biyu kawai ta yi: "Malama, kina karantawa kuwa? In kika sake sa Madalla, zan gane abin da kike koya mana na cin jarrabawa ne kawai." Gwaggo, na sake sa Madalla da hannuna, har da ja masa layi a ƙasa.

Daga nan ba ta sake ambaton yarinyar ba. Sakin layi guda take kwafewa duk sati, kalma bayan kalma, ni kuma ina ba ta maki mai kyau. Ba ta bar karatu ba, darasin ta ɗauka. Ni na koya mata.

Litinin na je makarantar. Na same ta tana koyar da jimla, kuma ta iya. Na duba bayan ƙyaure, ba kowa. Na buɗe rajista, yarinyar tana da alamar zuwa har ta safiyar ranar. Na tambayi yaran bencin, suka kalli juna, ɗaya ta ce ta fi sati biyu ba ta zuwa. Na zauna a gurbin nata.

Bayan an tashi na miƙa wa ɗalibar koren littafin a buɗe, na ce, "Na karanta. Na makara, ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Malama," irin ba komai ɗin da ake faɗa wa babba. Na ce mu je mu nemo ta. Ta ce, "Zai shiga cikin makina ne?" Ba rashin kunya take ba, da gaske take tambaya. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma na sha ta.

Adireshin rajista bai kai mu ko'ina ba. Muka bi ta bayan gareji, muka tsallaka kwata, muna tambayar masu shago. Ni duk hanyar addu'a ɗaya nake, kada in tarar da sati bakwai. A wani gidan haya mai ɗakuna a jere muka same ta, tana wanke kwanuka a bakin famfo. Da ranta, Gwaggo. Da ranta.

Kunne ne. Na dama ya daɗe yana ruwa, na hagun ma sai an ɗaga murya. Uwar ta ce yarinyar ce ta ce ta gaji da zuwa kallon bakin mutane, kuma tun da ba a aiko daga makaranta ba, ta ɗauka ba a damu ba. Ɗalibata ta durƙusa a jiƙaƙƙen simintin ta kira sunanta daidai kunnen hagu. Yarinyar ta juyo ta ce, "Na'am." Sai ɗalibar ta fashe da kuka, ta ce wata uku tana ajin ba ta taɓa jin muryarta ba.

An kai ta asibiti, ta koma aji, bencin gaba ta hagu. Ga ta nan in ba ki: siririya ce, mai wushirya, da ɗan tabo a haɓa, tana karkatar da kai in tana saurare.

Saura mini haɗuwa ɗaya da su kafin su gama. Zan karanta musu koren littafin, mai shi ta yarda. Ki ba ni izini in karanta taki wasiƙar ma. Zan ce wata malama ce.

Taki,
Uwar Tambaya

Talata, 7 ga Mayu

'Yata,

Lafiya lau. Gwiwa ta ce a gaishe ki.

Na gode da fuskar da kika aiko. Na san abin da kike nufi da ita. Na gwada ɗora ta a bencin bayan ginshiƙi, wushiryar da tabon duka, ba ta zauna ba. Ba tata ba ce, kuma ba zan sake ba yarinyar nan abin da ba nata ba. Na yi sau ɗaya ya isa.

Ki karanta musu. Amma ban yarda da "wata malama" ba. In kika ce haka kowa zai ɗauka wata muguwa ce can, ya ce shi ba zai yi ba. Ki ce gwaggonki ce, ki ce ta iya koyarwa, tana son yara, har takardar yabo gare ta. Na sa 'yata ta sauke takardar daga bango, ga ta nan tare da rajistar, direba zai kawo miki. Ki ajiye su gefe da gefe a kan tebur, ki buɗe shafin zango na biyu, su zo su ƙirga da yatsansu.

Kafin ki fara, ki kira sunansu. Duka ɗari biyu da talatin, ko da zai cinye rabin lokacin. Kowane suna kika kira, ki ɗaga kai ki ga mai shi.

In kin gama, akwai suna a ƙasan tawa rajistar, lamba casa'in da huɗu. Ki kira shi da ƙarfi, ki jira. Da an yi shiru, ki ɗauki jan biro ki sa mata ba ta zo ba.

Gwaggonki